Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya ɗagawa: tausa za ta daidaita su?

Wata uwa daga unguwar Pantami a Gombe ta aiko da wannan tambaya: "'Yata shekararta 13. Da na kai ta awon ɗinkin Sallah, telar ta ce kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu ɗagawa, shi ya sa wuyan rigarta yake zamewa gefe guda. Ba ta kukan ciwo. Ni ma da na tsaya gaban madubi sai na ga tawa ta dama ta ɗan yi ƙasa, kuma na daɗe ina fama da ciwon wuya. Sana'ata kitso. Maƙwabciyata ta ce akwai mai tausa da ke daidaita kafaɗa cikin mako biyu. Me ke kawo wannan, kuma tausar za ta yi mana amfani?"

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah Ya ƙara lafiya. Tambayar taki guda ce, amma mutum biyu kika kawo mini, kuma maganar kowacce daban. Ke tausa za ta iya rage miki ciwo, kuma zan faɗa miki yadda ake yin ta. Yarinyar kuwa kada a fara mata da tausa. A fara da duba bayanta, cikin wannan satin in da hali, domin a shekarunta lokaci ne ya fi komai tsada.

Kafin mu shiga, yana da kyau ki san yadda kafaɗa take zaune a jiki. Allon kafaɗa ba a kafe yake da ƙashin baya ba. Kwance yake a bayan haƙarƙari, tsokoki ne suka riƙe shi ta sama da ta ƙasa da ta gefe. Wurin da ƙashi ya haɗa shi da gangar jiki guda ɗaya ne tak, wato siririn ƙashin nan na gaba da ya taso daga gindin maƙogwaro ya nufi kan kafaɗa. Saboda haka idan kafaɗa ta ɗaga ko ta sauka, sau da yawa ba a ita laifin yake ba. Ko dai tsokar da ke riƙe da ita ce ta ɗaure ko ta yi rauni, ko ƙashin baya da haƙarƙarin da take kwance a kai ne suka karkace, ko kuma daga can ƙasa ne, ƙafa ɗaya ta gaza ɗaya tsawo. Hannun mai tausa tsoka kaɗai yake iya kaiwa. Duk amsar tambayarki a nan take.

Mu fara da ke. Kafaɗar dama da ta ɗan yi ƙasa ga mai aiki da hannun dama abu ne da muke gani kullum a ɗakin gashin ƙashi, har ba ma ɗaukarsa cuta. Ki tsayar da mata goma a gidan biki ki dube su ta baya, da wuya ki sami wadda kafaɗunta suka zo daidai cif. In babu ciwo, babu rauni a hannu, kuma bambancin ba ƙaruwa yake yi ba, ba abin da za a gyara.

Ciwon wuyan shi ne abin kulawa, kuma sana'arki ta ba ni rabin amsa. Mai kitso tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, kai a sunkuye, an ɗan karkatar da shi gefe don a ga tsaga, hannaye a ɗage babu abin jingina, awa biyu ko uku ba a motsa ba, ballantana a makon Sallah da ake kwana ana yi. Akwai tsokar da ta sauko daga ƙeya ta bazu a kan kafaɗa, da wata siririya a ƙarƙashinta da ta haɗa wuya da kusurwar allon kafaɗa. Su biyun nan ne ke ɗauke da nauyin hannun duk tsawon zaman. Idan abin ya daɗe sai su ƙi saki ko an tashi daga aikin, sai ki ji wani ƙululu mai zafi tsakanin wuya da kafaɗa, wani lokaci har ciwon ya hau kai ta bayan kunne. Irin wannan ne ke samun telan da ke kan keke tun safe, da ɗan acaɓa, da ma'aikacin ofis mai maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, da uwar da kullum a ƙugu ɗaya take saɓa yaro.

A nan tausa tana aiki. Tana sa tsokar ta saki, zafin ya ragu, wuya ya juya da sauƙi, barci ya yi daɗi. Amma sauƙin na kwanaki ne, wani lokaci na sa'o'i. Idan aka koma kan kujerar nan da zaman nan, ciwon yana nan yana jira. Shi ya sa masu zuwa tausa suke ta komawa, su ce hannun wance akwai albarka amma sai an riƙa maimaitawa. Gaskiya suka faɗa, sai dai ba su taɓa abin da ke kawo ciwon ba.

In za a yi miki, ga yadda ya kamata. Ki tsoma tawul a ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, ki matse ki ɗora a wurin kamar minti 15. Sannan wadda za ta tausa ki ta shafa ɗan man kaɗanya ko man zafi, ta bi naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa da tafin hannu a hankali. Idan yatsanta ya ci karo da ƙululun, ta danna da babban yatsa daidai yadda za ki ji zafi mai daɗi, ba wanda zai sa ki riƙe numfashi ba, ta tsaya haka rabin minti zuwa minti ɗaya, sannan ta saki. Kada ta danna kan ƙasusuwan tsakiyar baya, kada ta taɓa gaban wuya inda manyan jijiyoyin jini suke. Kuma don Allah kada ki yarda kowa ya murɗe miki wuya don ya yi ƙara, irin wadda wasu masu aski ke yi wa maza bayan sun gama. Ƙarar ba alamar wani abu ya koma mazauninsa ba ce, kuma ko da yake ba kasafai ba, murɗar tana iya yaga jijiyar jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa. Mai ciwon suga kuma ta sa wani ya taɓa mata ruwan kafin a ɗora, domin fatarta na iya ƙonewa ba ta ji ba.

Abin da zai hana ciwon dawowa ya fi tausar arha. Ki sa wadda kike yi wa kitso ta zauna ƙasa da ke sosai, yadda gwiwar hannunki za ta sauko kusa da jikinki maimakon ta rataye a sama. Duk rabin awa ki miƙe, ko da na minti biyu ne. Ki zauna a kan tafin hannunki na dama, ki karkatar da kunnen hagu zuwa kafaɗar hagu har ki ji naman wuyan ya ja, ki ƙirga talatin, ki juya ɗaya gefen. Sannan ki ja alluna biyu na kafaɗa baya da ƙasa, ki riƙe daƙiƙa biyar, ki saki, sau goma. Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi rainawa, shi ne kuma ya fi muhimmanci, saboda yawancin masu irin ciwonki tsokar sama ta gaji ne don ta ƙasan allon ta daina taimaka mata. Ƙwayoyin kashe zafi na kemis, irin su diclofenac da ibuprofen, ba abin sha kullum ba ne. Suna cin ciki, suna taɓa ƙoda.

To, yarinyar. Shekara 13, mace, kafaɗar dama a sama, babu ciwo. Duk wanda ya yi aikin ƙashi, da ya ji wannan abu na farko da zai faɗo masa shi ne karkacewar ƙashin baya da ke bayyana lokacin balaga, wadda a asibiti ake kira sikoliyosis. Ban ce ita ce ba, sai an duba. Amma ita ce dole a fara kawarwa. Tana samun yara 2 zuwa 3 cikin 100 tsakanin shekara 10 zuwa 18, kuma wadda take tsananta har ta buƙaci magani ta fi yawa nesa ba kusa ba a 'yan mata. Ƙashin bayan ba lanƙwasa gefe kawai yake yi ba, murɗawa yake yi, sai ya ja haƙarƙarin gefe ɗaya ya turo baya, allon kafaɗar da ke kwance a kansa ya taso. Yawanci ta dama yake turowa. Cikin masu karkacewar 10, kusan 8 ba a samun wata cuta da ta haddasa ta, sai dai tana bin dangi. Ba jakar makaranta ce ta kawo ba, ba tallan da aka ɗora mata ba, ba ɗaukar jarka ba, ba kwanciya a gefe ɗaya ba, ba kuma iska ko sammu ba. Na faɗi haka ne don iyaye mata sukan zauna suna tuhumar kansu, ko kaka ta ce goyo ne bai yi kyau ba tun tana jaririya.

Rashin ciwon nan da kika ambata kada ya kwantar miki da hankali. Wannan karkacewa galibi ba ta ciwo, shi ya sa take wucewa ba a gani ba. A garuruwanmu kuma akwai ƙarin dalili: daga shekara tara ko goma uwa ta daina yi wa yarinya wanka, ga kunya ta shigo, ga hijabi har ƙasa. Sai a yi shekara uku babu wanda ya ga bayanta, daidai shekarun da ƙashin yake tsere. Shi ya sa tela ce take fara lura, ita da take ɗora tef. Telarki ta kyauta da ta faɗa, wata da sai ta rage hannun rigar gefe ɗaya ta yi shiru.

Ga abin da za ki yi yau da dare, a ɗaki, ke da ita. Ta cire riga, ta tsaya ba takalmi a kan siminti, ƙafafu a haɗe, ke kina bayanta. Ki dubi kafaɗun, ki dubi ko allo ɗaya ya fi fitowa, ki dubi ramin da ke tsakanin hannu da ƙugu, ko na gefe ɗaya ya fi faɗi. Sannan ki ce ta sunkuya irin na ruku'u, gwiwoyi a miƙe, amma maimakon ta dafa gwiwa ta haɗa tafukan hannu ta sake su ƙasa, kai ma ta sake shi. Ke kuma ki durƙusa har idonki ya zo daidai da gadon bayanta, ki hango daga ƙugu zuwa wuya. Bayan da yake lafiya ɓangarorinsa biyu a shafe suke. Idan gefe ɗaya ya yi tudu, ko a haƙarƙari ko a kwankwaso, to ƙashin ya murɗa. Wannan gwajin wani likitan Ingila, William Adams, ya bayyana shi tun 1865, kuma har gobe da shi ake fara tantancewa a asibiti.

Daga nan ki zaunar da ita a kan benci mai tauri ki sake dubawa. Idan da ta zauna kafaɗun sun daidaita, tudun kuma ya ɓace, to matsalar daga ƙafa take. Bambancin da bai kai santimita 1 ba kusan kowa yana da shi. Wanda ya kai santimita 2 ko ya wuce shi ne yake karkatar da ƙugu, baya ya lanƙwasa don kai ya tsaya daidai, kafaɗa ta bi. A yankinmu abubuwa uku suka fi gajarta ƙafa. Akwai shan-inna, wadda duk da an tabbatar a Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayarta, waɗanda ta taɓa a baya suna nan tare da mu. Akwai amosanin jini, da kan kashe kan ƙashin cinya a cikin ƙugu har ya lotsa. Sai karayar cinya ko ƙwauri da aka ɗora a gida, ƙasusuwan suka haɗe ɗaya a kan ɗaya. A asibiti katakai muke jerawa ƙarƙashin gajeriyar ƙafar har ƙugu ya daidaita, mu auna, a ƙara wa takalmi tudu daidai wannan awon. Ko shekara aka yi ana tausa, ƙafa ba za ta ƙara tsawo ba.

Sauran dalilan zan bi su da sauri, don ba su yi kama da labarin 'yarki ba, amma masu karatu da yawa. Wanda ya faɗi a babur ya karya ƙashin gaban kafaɗa ko ya goce mahaɗarsa, kafaɗar takan zauna a ƙasa bayan ya warke. Wanda aka yi wa aiki a gefen wuya don cire kaluluwa, wani lokaci akan taɓa jijiyar da ke motsa tsokar saman kafaɗa, sai ta zube. Jaririn da aka sha wuyar haihuwarsa aka ja kafaɗarsa, hannun yakan saki tun ranar farko. Akwai kuma wanda aka haifa allonsa ɗaya a sama. Mai shanyewar ɓarin jiki kafaɗarsa takan sauko har a ga rami a mahaɗar, kuma jan hannun nan da 'yan uwa ke yi wajen tayar da shi ko wajen tausa yana ƙara lalata ta. In ban da wanda aka haifa allonsa a sama, a duk waɗannan kafaɗar da ta yi ƙasa ce mai matsala, amma sai ka tarar ana ta murza wadda take sama, lafiyayyar, wai a sauko da ita.

Akwai alamomin da in an gan su, a yaro ko babba, ba a maganar tausa ko ƙaho ko tsaga, asibiti ake nufa a ranar: ciwon baya mai tayar da mutum daga barci, zazzaɓin da ya ƙi tafiya, zufar dare, rama, ƙashi ɗaya da ya turo a tsakiyar baya kamar doro na fitowa, ƙafafu su yi nauyi ko su riƙa dindiris, ko fitsari ya riƙa kufcewa. Tarin fuka ba huhu kaɗai yake ci ba, yana cin ƙashin baya, kuma muna ganinsa. Danna irin wannan bayan da ƙarfi yana iya taɓa laka, mutum ya rasa ƙafafunsa. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati, na ƙashi yakan ɗauki kusan shekara guda ana sha.

Idan kin ga tudu a gwajin nan, ko kin kasa tantancewa, ku je sashen ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Na Bauchi su nufi Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Za a ɗauki hoton ƙashin baya gaba ɗaya tana tsaye, ba a kwance ba, domin kwanciya tana ɓoye wani ɓangare na lanƙwasar. A kan hoton ake auna kusurwar karkacewa. Ƙasa da digiri 10 ba a ma kiranta cuta. Daga 10 zuwa wajen 25 ana sa ido ne, a sake dubawa duk wata huɗu zuwa shida muddin tana girma, tare da motsa jiki na musamman da likitan fisiyo, wato na gashin ƙashi, zai koya mata. Daga 25 zuwa wajen 40, ga yarinyar da ba ta gama tsawo ba, ana yi mata rigar roba mai tauri daidai jikinta. Idan ta kai 45 zuwa 50 sai a fara shawarar tiyata. Don rigar ko tiyatar ana iya tura ku Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Likita zai tambaye ki ko ta fara al'ada, da kuma yaushe. Kada ki ji nauyin tambayar, kuma ki tafi da amsar a hannu. 'Ya mace ta fi saurin tsawo dab da fara al'ada, kuma takan ci gaba da ƙaruwa kamar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu bayan nan. A wannan tsakanin ne karkacewa take gudu. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to a nan ɗanyen ne yake tanƙwara kansa, mu kuma tsayar da shi muke nema kafin ya bushe a haka. Rigar ba ta miƙar da baya ya koma kamar ba a yi ba, hana shi ƙaruwa take yi. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada, aka buga a 2013, ya bi yara 242: cikin waɗanda suka sa rigar, kashi 72 cikin 100 sun gama girma ba su kai matakin tiyata ba, waɗanda aka sa wa ido kawai kuwa kashi 48. Kuma gwargwadon yawan sa'o'in da aka sa ta, gwargwadon nasarar. A binciken awa 18 a rana aka ce su sa. Na san abin da wannan yake nufi a zafin Gombe na watan Maris da Afrilu, ga ƙuraje, ga tsokanar ƙawaye. Sai an sa mata shimi ta auduga a ciki ana canzawa, sai kuma gida ya tsaya mata. Amfanin hijabi a nan shi ne babu wanda zai san tana sanye da ita sai ta faɗa.

Wannan ne ya sa maganar mako biyun nan ta maƙwabciyarki ba ta kwanta mini ba. Ba na ce mai tausar macuciya ba ce. Bayan an murza jiki tsoka takan saki, yarinya kuma ta san ana kallonta sai ta gyara tsayuwa, kowa ya ce ai ga shi ta daidaita. A sa ta ta sunkuya, tudun yana nan inda yake. Tausa ba ta rage kusurwar karkacewa ko da digiri ɗaya. Illarta ba a hannun mai yi take ba, a watannin da take cinyewa ne: a yi mako biyu, a ƙara wata, a koma wajen wani mai ƙaho, a jira bayan jarrabawa, sai a zo asibiti yarinya ta shekara 16 ƙashi ya rufe, lokacin riga ya wuce. Idan an riga an auna, an san matsayin bayanta, sannan ta ce tana jin gajiya ko tsamin jiki, babu laifi ki tausa mata da hannunki a hankali, zai yi mata daɗi.

Ranar da za ku tafi, ki ɗauki hoton bayanta da wayarki, ɗaya tana tsaye, ɗaya a sunkuye, ki adana a inda ba kowa zai gani ba, don a kwatanta bayan wata shida. Ki sa alamar tsawonta a jikin bango da kwanan wata. In tana da ƙanne mata da suka kai shekara 10, su ma ki sa su sunkuya ki duba, tunda abin yana bin gida. Ke kuma ki karɓi kati ki leƙa sashen fisiyo a nuna miki motsa wuyan nan ido da ido, tunda kin riga kin biya kuɗin Keke Napep.